Mma Tana Jiran Kira Ranar Lahadi

Maamobi, Accra.

Zuwa ga ƙanena Mubashir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'yar'uwa da ta daɗe ba ta sa ƙanenta a ido ba, tare da roƙon Allah wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Wadia da samarin nan biyu da ke gabanku. Allah Ya tsare ka a titunan New York, Ya raba ka da mugun fasinja da mugun direba, Ya sa albarka a cikin guminka, Ya kuma warware maka maganar takardun zama da ta ɗaure maka ƙafa shekara da shekaru. Mu nan alhamdu lillahi, muna nan inda ka bar mu. Damina ta sauka da ƙarfinta, babban kwatamin nan ya cika har ya yi amai a lungunmu, muka wuni muna kwalfar ruwa daga tsakar gida, amma ba a rasa rai ba. Maigidana yana nan yana fama da kekensa na ɗinki da kuma idonsa da ya ƙi yarda ya sa wa tabarau. Matar ƙanenmu Idrisu ta sauka lafiya a Kotobabi, an samu namiji, mai kunnuwa irin na gidanmu, ba ya ɓata. Ni kuma ina nan bakin titi da tukunyar koko da kaskon ƙosai da na gada wurin mahaifiyarmu Mma, hayaƙi ya gama cinye mini ido.

Za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke da waya a aljihu. To, waya ta gagare ni da kai. Da na ji Alhaji Ishawu zai koma wajenku, sai na ce bari in ba shi a hannu, ya miƙa maka a hannu, tunda takarda dai ba a cewa ba a ga kiranta ba. Ka samu wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe, kada ka karanta rabi a mota ka cusa sauran a aljihu. Ni ce na goya ka har bayana ya yi kanta, don haka ina da haƙƙin in faɗa maka abin da wani ba zai faɗa maka ba.

Na saurari saƙon muryar da ka turo mini a kan 'yarka Shifa. Na ji zafin da ke cikin muryarka, kuma ban ga laifinka ba, domin ba ƙaramin ciwo ba ne uba ya kira 'yarsa ta ƙi ɗauka. Ka ce in ƙwace wayarta, in ba ta kashi, idan ba ta gyaru ba a kai ta makarantar kwana a Kumasi, in kuwa duk wannan bai yi ba ka cire hannunka daga kanta. Ban yi ko ɗaya ba, kuma ba zan yi ba. Akwai kuma magana ta biyu da na daɗe ina sassauta maka ita: jikin Mma ya fi yadda nake gaya maka tsanani. Waɗannan maganganu biyu da kake gani daban-daban, magana ɗaya ce, shi ya sa na zauna rubutu.

Ka tuna yadda yarinyar nan ta zo mana bara. Ka turo ta tare da mutane, 'yar shekara goma sha uku, ka ce ta fi ƙarfinku, ba ta gaisuwa, ba ta jin magana, kuma abin da ya fi ƙona maka rai shi ne ƙarya. Ta yi wa malamanta ƙarya, ta yi maka, ta yi wa uwarta, ido cikin ido ba ko ƙiftawa. Ka ce ba ka san inda ta samo wannan hali ba, ka ce a kawo ta gida ta ga tarbiyya irin wadda aka yi mana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da ta sauka daga trotro, motar hayar nan tamu, a bakin lungu, da abin sauraron waƙa toshe a kunne, ta dubi tsoffin gidan haya da suka fito tarbarta ta ɗaga musu yatsu biyu, na ce a raina lallai an kawo mini aiki. Ta yi kuka a kan layin banɗaki, ta yi kuka a kan wanka da bokiti, ta yi kuka a kan tuwo. Matan gida kowace da shawararta, kuma duk shawarar ba ta wuce bulala. Mma ce ta hana. Ta ce yarinyar da ka sa wa sunanta, har muke ɓoyewa da Shifa, ba mai taɓa ta muddin tana numfashi.

Ka san Mma ba mai wa'azi ba ce. Ban taɓa jin ta zaunar da Shifa ta ce mata yi kaza bar kaza ba, kamar yadda mu ma ba ta taɓa zaunar da mu ba. Kullum da safe kafin in fita da tukunya, nakan je ƙofar ɗakin Mma in durƙusa in gaishe ta, da waɗannan gwiwoyi nawa da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, 'yata Zalia kuma ta durƙusa a bayana. Shifa takan tsaya can jikin bango, hannu a ƙirji, tana kallonmu kamar masu wasan kwaikwayo. Aka yi makonni haka, ba wanda ya ce mata uffan. Wata safiya ina cikin gaisuwa sai na ji motsi, na saci kallo, sai ga 'yar Amurka ta rage tsawo, rabi tsugunno rabi tsayuwa, kamar mai neman allura a ƙasa. Dariya ta taso mini na haɗiye. Mma ba ta yabe ta ba, ba ta nuna ta ga wani sabon abu ba, ta dai amsa mata yadda take amsa wa kowa, ta tambaye ta kwanan sauro. Daga ranar ba ta sake fashi ba. Haka ta koyi miƙa abu da hannun dama, haka ta koyi kai wa 'yan matan nan masu dako a kasuwa kokon farko da Mma ta saba ba su tun tana sayarwa, ita da a da take toshe hanci idan sun wuce. Duk da ido ta ɗauka. Yarinyar nan, Mubashir, ba kunne gare ta ba, ido gare ta, kuma ba abin da ke wuce shi.

Yanzu bari in zo kan Lahadi. Kai ne, shekarar da ka tafi, ka aiko wa Mma ƙaramar wayar nan mai madannai, ka ce mata kada ta ɓata kuɗinta wajen kiran ƙasar waje, ta yi maka filashin kawai, ta danna ya yi ƙara ta kashe, kai za ka kira. Mma ta riƙe wannan magana kamar karatun allo. Wani kuma ya gaya mata a ƙasar Turawa ba a aiki ranar Lahadi, sai ta zaɓi Lahadi bayan la'asar, don kada ta dame ka a wurin nema. Ka san mece ce Lahadi a unguwanninmu na Zongo: ranar biki ce, ranar suna, ranar da ake kafa rumfa a tare hanya, mata su ci ado su fita tun daga Nima har Kotobabi. Mma da ba a biki sai da ita, ta daina zuwa ko'ina da yammacin Lahadi, wai kada ka kira cikin hayaniyar kiɗa ta kasa ji. Har gori an yi mata, an ce tun da ɗanta ya haye jirgi ta fi ƙarfin mutane. Tana idar da la'asar sai ta sake wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ta fito da kujerarta 'yar tsugunno bakin ƙofa, ta danna, ta kashe, ta ɗora wayar a cinya. Na sha tsokanarta ina cewa Mma, ai ba ya ganinki ta wannan waya. Sai ta ce ba a karɓar baƙo da kayan barci.

Shekarun farko kana kira, gida ya cika da dariya, har maƙwabta su zo a miƙa musu su gaisa da kai. Daga baya ya koma wata-wata, daga nan sai salla-salla, daga nan shiru. Ba zan zalunce ka ba: aikenka bai taɓa yankewa ba. Magani, haya, abinci, ragon layya, duk kana yi, kuma Allah Ya gani. Na kuma san abin da ya hana ka kira, ko ba ka faɗa ba. Tambaya ɗaya ce Mma take yi maka a ƙarshen kowace hira, yaushe za ka zo, kai kuma ba ka da amsa, ka gaji da cewa baɗi. Kunya ce ta kama ka, ba rashin so ba, na sani. Amma ita ba ta fasa ba. Kowace Lahadi tana zaune da waya a cinya har a kira magariba, sannan ta miƙe ta ce aiki ya yi maka yawa, Allah Ya ba ka sa'a. Wani lokaci tausayi ya kama ni in kira ka da tawa wayar kira na sosai, sai Shifa ta ɗauka, a lokacin tana can wajenku, ta ce Baba yana wurin aiki. In miƙa wa Mma su ɗan gaisa da Hausarta ta tsiya, shi ke nan.

Lahadin farko da Shifa ta yi a gidan nan ba zan manta da ita ba, ko da yake a lokacin ban gane abin da na gani ba. Ta fito daga ɗaki ta tarar da Mma cikin kwalliya, ta ga ta danna waya ta kashe ta ajiye a cinya. Ta tambayi Zalia da Turanci abin da kakarsu ke yi, Zalia ta gaya mata. Yarinyar nan ta tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ta, ba ta zauna ba, ba ta tafi ba, har Mma ta miƙe ta faɗi abin da ta saba faɗa. Ranar ba ta ci abinci ba. Na taɓa goshinta na ce zazzaɓin sauro ne ya yi mata maraba, har na aika aka sayo magani. Lahadi ta biyu ta ɗauko tabarma ta zauna nesa kaɗan. Ta uku ta matso kusa da ƙafar Mma. Zalia da ƙawayenta sun yi ta janta zuwa biki su nuna 'yar'uwarsu ta Amurka, ta ƙi. Ta zama ita ce abokiyar jiran Mma, su biyu, Mma tana ɓare mata gyaɗa.

A cikin haka ne ta fara ƙin ɗaukar kiranka. Ban sani ba sai da Zalia ta zo mini tana matsar hawaye, ta ce Shifa takan miƙa mata waya ta ce ta gaya wa kawu tana makarantar Islamiyya, alhali ga ta zaune a kan gado, ita kuwa tana tsoron yin ƙarya, tana kuma tsoron ɓata wa Shifa rai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wato halin da aka kawo mu gyara shi ne za a koya wa tawa. Ina tsakar gida ina tace gasara na kira ta, na wanke ta tas, na ce mata uban da ke kwana a kan sitiyari dominta bai cancanci haka ba, na tambaye ta a gidan wa ta ga ana yi wa mahaifi wannan wulaƙanci. Wallahi tambayar faɗa ce kawai, ban nemi amsa ba. Ta ɗago ta dube ni, ba rashin kunya a idonta, ta ce da Hausarta da ba ta san mace da namiji ba: "Anti, a gidanmu. In Mma ya kira, Baba yana kife waya a kan tebur. In kai ka kira, yana ba ni, yana cewa ce musu ina wurin aiki." Ta ce ita a da ba ta ɗauki abin a bakin komai ba, ta zaci haka ake yi wa iyayen da ke nesa, lamba ce kawai ke fitowa a waya ta ɓace. Ba ta san akwai tsohuwa da kwalli a ɗaya gefen ba.

Mubashir, matacin ya kuɓuce mini a cikin ruwan gasara, na tsaya ina kallonsa. Ka ce ba ka san inda ta koyi ƙarya ba. Ni ma ban so in sani ba, amma ga shi an gaya mini ina tsaye a tsakar gidan uwarmu. Ba na cewa duk abin da ta yi a makarantarsu laifinka ne, yaro yana da nasa shaiɗanin. Sai dai ƙaryar farko da ta ga babba ya sa ta, ta kuma ga ba abin da ya faru, a falonka aka yi ta, kuma uwarka aka yi wa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na yi kuka ranar, ba don ita ba, don kai, domin na tuna yaron da ba ya iya cin ƙosai sai ya gutsura wa Mma.

Na so in rufe maganar kada ta kai kunnen Mma, amma yarinyar ta riga ni. Lahadin da ta biyo, suna zaune su biyu ina daga kicin ina jin su, da aka kira magariba Mma ta ce aiki ya yi maka yawa, sai Shifa ta fashe da kuka ta kifa kai a cinyarta. Ta gaya mata komai, rabi Hausa rabi Turanci, cewa ba ka wurin aiki, kana zaune a kujera, ita ce take yin ƙaryar, ta yafe mata. Na fito da gudu da ludayi a hannu, ina tsoron abin da maganar za ta yi wa tsohuwa mai hawan jini. Na tarar Mma tana shafa mata kai, fuskarta ba ta canja ba. Ta ce: "Takwara, ai na sani. Ina jin gyaran muryarsa a bayanki, irin na babansa. Shi ya sa nake jan ki da hira, in ƙara ji. In na ji, na san yana da rai, ya ishe ni." Ashe duk tambayoyin nan da take jera wa yarinya, me kuka ci, ana sanyi, ya makaranta, ba amsar take saurare ba. Na koma kicin na zauna a kan turmi, na toshe bakina da gefen zane.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce wa Shifa ba ta yarda ta ƙi ɗaukar kiran ubanta ba, ko me ya yi ubanta ne, tsakaninta da ɗanta kuma ba ruwan jika. Ka ga irin uwar da Allah Ya ba mu: ko a wannan halin ba ta bari an taɓa mutuncinka a gaban 'yarka ba. Shifa tana jin maganar Mma a kan komai, amma a kan wannan ta cije. Abu ɗaya ta canja, ta daina sa Zalia ƙarya, ita ma ta daina. Ta ce mini ba za ta ƙara cewa ba ta nan ba alhali tana nan, za ta dai bar wayar ta yi ta ƙara, kuma ranar da ka amsa wa Mma ita ma za ta amsa maka. Na ce mata ɗa ba ya sa wa uba sharaɗi, kuma har gobe a kan haka nake, kada ka zaci na ɗaure mata gindi. Taurin kai ne, kuma na san gidan da ta gado shi. Amma ka gaya mini da wane hannu zan ɗauki bulala. In na doke ta don ta ƙi amsa kiran mahaifi, ta tambaye ni wa zai doki wanda ya fara, me zan ce mata?

Bayan ƙaramar salla ne Mma ta faɗi a bakin banɗaki. Na gaya maka a saƙo cewa jiri ne, don kada hankalinka ya tashi kana tuƙi. Ba jiri ba ne kawai. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannun ba ya ɗaguwa, harshe ya yi nauyi, sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci abin da take faɗa. Mun yi kwanaki a asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce mu koma gida mu kula da ita, wanda ke da niyyar ganinta ya zo, wanda ke da magana da ita ya yi. Ka san abin da wannan ke nufi, ba sai na fassara maka ba. Cin abincinta ya ragu, koko ma sai da lallashi. Kwanaki sun rikice mata, kullum da safe idan na durƙusa gaishe ta, kafin ta amsa sai ta tambaye ni ko yau Lahadi ce.

Yarinyar da ka ce a kai Kumasi ita ce ke kwana a ɗakin. Ita ke juya ta, ita ke share mata baki, ita ke wanke zannuwan da ni kaina sai na daure. Ban sa ta ba, ta ga ina yi ne ta karɓe. Ranar Lahadi kuwa ba ta bari kowa ya taɓa Mma. Takan goge mata jiki da ruwan ɗumi, ta sa mata kwalli, ta ɗaura mata ɗankwali, ɗaurin ya karkace amma ba mai gyarawa, mu kama mu jingina ta da matashi ta fuskanci ƙofa. Tunda yatsun Mma ba sa iya dannawa, Shifa ce ke riƙe wayar. Don haka ka sani, filashin ɗin da kake gani a 'yan makonnin nan, yatsan 'yarka ne ke danna shi. Ita ke danna lambarka, ita ke kashewa yadda ka koya wa Mma, ita ke ɗora wayar a cinyar kakarta ta dafe da hannunta kada ta zame. Tana sane sarai da abin da ke faruwa da wayar a ɗaya gefen, domin ta san teburin. Duk da haka ba ta fasa ba ko sau ɗaya, kuma idan aka kira magariba, da Mma ta fara kokawa da harshenta, ba ta taya ta cewa aiki ne, ba ta kuma ƙaryata ta, sai ta ce amin ga addu'ar kawai.

Ƙanena, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban rubuto don in tozarta ka ba, kuma ban ce ka zo ba, na san in ka fito ba ka da hanyar komawa, ga Wadia ga yara. Ban ce ka ƙara aike ba, abin da kake yi ya wadatar. Muryarka kawai nake roƙo. Idan tambayar nan ce kake tsoro, ka kwantar da hankalinka, Mma ta daina tambayar yaushe, harshenta ma ba zai kai ta can ba. Ba sai ka shirya jawabi ba, ba sai ka ba da uzuri ba, ba ta taɓa riƙe ka da komai ba balle ta nemi bayani. Ka ce Mma ina wuni, ka bar ta ta ji ka. Kuma ina so ka yi shi a falo, ba a mota ba, samarinka Musah da Abdul-Mumin suna zaune suna kallo, domin su ma ido gare su, kuma kai ma wata rana za ka zauna da waya a cinya. Ka turo mana yarinya mu koya mata tarbiyya, mun yi iyakar abin da za a iya yi daga nan. Darasi ɗaya ya rage, kuma ba mai iya koya mata shi sai kai.

Ina jin tsoro, Mubashir, bari in faɗa maka a fili. Ina tsoron Lahadin da za mu wayi gari ba wanda za a sa wa kwalli. Idan ta zo kafin ka kira, Mma ba za ta tafi da fushinka ba, wannan na tabbata. Amma yarinyar nan za ta tafi da abin a ranta har tsufanta, kuma ba makarantar kwana ko bulalar da za ta cire shi. A lokacin ko ka kira sau dubu ban san wanda zai ɗauka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ka kira, ita ce za ta fara jin muryarka kafin ta kara wa Mma a kunne, kada ka yi mata faɗa, kada ka tambaye ta komai, ka ce ta ba ka uwarka.

Ka gaishe mini da Wadia da kyau, ka ce mata ta kwantar da hankalinta, 'yarta ta yi tsawo ta wuce Zalia, ta iya soya ƙosai ba ya ƙonewa, kuma ba abin kunya ta haifa ba. Ka shafa mini kan Musah da Abdul-Mumin, ka ce gwaggonsu ta Maamobi da ba su taɓa gani ba tana sa su a addu'a. Ka gaishe da Suweiba 'yar unguwarmu idan kuna haɗuwa a masallaci, ka ce mata mahaifiyarta tana lafiya, ta zo duba Mma har ta kawo fura. Maigidana yana gaishe ka, Idrisu da mai jego suna gaishe ka, Zalia tana gaishe da kawunta tana neman afuwar abin da aka sa ta faɗa maka. Mma na gaya mata ina rubuta maka takarda, ta ɗaga hannun hagu ta sa maka albarka, ta daɗe tana yi.

Shifa ba ta ba ni gaisuwa ba, kuma ba zan ƙirƙira maka ba, ƙaryar da aka yi a tsakaninmu ta isa haka. Na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ci gaba da ninke zanen Mma. Sai da na miƙe zan fita ta kira ni, ta tambaye ni wace rana jirgin Alhaji Ishawu zai sauka, da kuma ko takardar za ta same ka kafin Lahadi. Na ce mata in Allah Ya yarda za ta same ka.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Yayarka,
Mulikatu